Yadda Ake Kare Ɗan Ciki Daga Rubela Tun Kafin A Ɗauki Cikin

Yaro ya tashi da ɗan ɗumin jiki, washegari wasu ƙananan ƙuraje sun feso masa a fuska da wuya, bayan kwana uku sun baje, ya koma wasansa. A gida aka ce ƙurajen zafi ne, aka shafa masa hoda, magana ta wuce. Ba wanda ya tuna cewa amaryar ƙanin babansa, wadda take yini tana goya shi, batan watanta ɗaya ke nan, kuma ko uwarta ba ta faɗa wa ba. Haka rubela take shiga gida. Yaron da ta kama ba ta yi masa komai ba. Wanda ta zo wa ɓarna yana cikin mahaifa, girmansa bai kai ƙwayar wake ba.

Rubela ƙwayar cuta ce irin wadda ake kira bairos, tana bin iska ta tari da atishawa, kuma mutum kaɗai take kamawa. Wasu suna ce mata ƙyandar Jamus, don likitocin Jamus ne suka fara bayaninta, amma ita da ƙyanda ba dangi ba ne, kamanni ne kawai. An daɗe ana ɗaukarta ciwon yara mara nauyi, har shekarar 1941 da wani likitan ido a birnin Sidni na Ostareliya, Norman Gregg, ya ga ana ta kawo masa jarirai da yana a ido. Da ya bi diddigi sai ya tarar iyayensu mata sun yi rubela a farkon cikinsu, lokacin annobar da aka yi a 1940. Daga baya Amurka ta ɗanɗana kuɗarta: annobar 1964 zuwa 1965 ta kama mutum kusan miliyan 12.5, aka haifi jarirai kusan 20,000 da naƙasa. A 1969 aka fara allurar rigakafinta.

Abin da nake so ki riƙe kafin mu shiga matakan shi ne lokaci. Idan mace ta kamu a makonni 8 zuwa 10 na farkon ciki, cikin jarirai goma ana iya samun har tara da cutar za ta taɓa. Tsakanin mako na 11 da na 16 haɗarin ya sauko zuwa kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Bayan mako na 16 ɓarnar ba ta cika faruwa ba, sai dai matsalar ji da ake iya samu har wajen mako na 20. To ki duba al'adarmu. Wace mace ce take fara awo a wata na biyu? Mai cikin fari kunya ba ta barinta ta buɗe baki, wadda ta saba haihuwa kuma ta ce sai cikin ya yi ƙwari. Yawancinmu sai wata huɗu ko biyar muke yankar kati. Kafin nan idon jariri da kunnensa da zuciyarsa sun riga sun ƙeru, abin da zai faru ya faru. Shi ya sa maganar rubela ba ta ɗakin awo ba ce. Tun ran gini ran zane.

Mataki na farko: ki koyi gane ta, ki kuma san ido ba ya isa

Daga ranar da mutum ya shaƙi ƙwayar zuwa ranar da alamu za su fito, ana ɗaukar mako biyu zuwa uku. Zazzaɓin ba ya zafi sosai. Ƙurajen ƙanana ne, suna farawa daga fuska da wuya su gangara jiki, kwana ɗaya zuwa uku su ɓace. A fatarmu ba lalle ki ga ja ba, sau da yawa sai kin shafa za ki ji kaushi-kaushi. Alamar da ta fi taimakawa ita ce ƙullutu kamar kaluluwa a bayan kunne da ƙeya da gefen wuya, mai ɗan ciwo in an taɓa. Ki sa yatsa ki laluba. Babbar mace kuwa takan samu ciwon gaɓoɓi, musamman yatsu da wuyan hannu da gwiwa, na kwana uku zuwa goma, har ta ɗauka sanyi ne.

Ƙyanda daban take. Zazzaɓinta mai zafi ne, ga tari, ga majina, ido ya yi ja yana hawaye, yaro ya yi laushi ya ƙi abinci, ƙurajen su daɗe, fata ta yi saɓa. Duk uwar da ta yi jinyar baƙon dauro ba ta manta shi. Rubela kuwa yaro yana yawonsa da ita. Kuma dukkansu sun fi yawa a rani, daidai lokacin da kowane ƙurji muke ɗora wa zafi.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Kashi ɗaya cikin huɗu har zuwa rabin waɗanda suka kamu ba sa nuna wata alama ko kaɗan, kuma suna yaɗa ta. Wanda zai yi ƙuraje ma yana fara yaɗawa mako guda kafin su fito, ya ci gaba har mako guda bayan fitowarsu. Ke nan kafin ki ga abin gudu kin riga kin zauna da shi. Don haka kada wata ta ce miki "ai sai ki riƙa kaffa-kaffa da yara masu ƙuraje". Wannan yana da amfani, amma ba shi ne katangar ba. Haka nan maganar "ai kin yi ta kina ƙarama, na tuna" ba hujja ba ce, ko da daga bakin mahaifiya ta fito, don cututtuka da yawa suna kama da ita.

Mataki na biyu: ki binciki matsayinki

Mace tana da kariya ta ɗayan hanya biyu: ko ta taɓa yin cutar ta warke, ko an yi mata allura. Duk biyun kariyarsu mai ɗorewa ce. Mata da yawa a ƙasarmu sun yi ta tun suna yara ba su sani ba, kuma wannan ya tsare su. Matsalar ita ce ba wadda ta san ko tana cikinsu ko tana cikin ragowar da cutar ta tsallake har suka isa aure.

Fara da katin rigakafinki in yana nan. Ki nemi haruffan MR ko MMR. Harafin R ɗin nan shi ne rubela. In abin da aka rubuta Measles ne kaɗai, ta ƙyanda ce zalla. Wannan wurin yana ruɗa mutane ƙwarai, don shekara da shekaru allurar wata tara da ake yi wa yara a asibitocin gwamnati a Nijeriya ta ƙyanda ce kawai. Sai a Oktoban 2025 aka ƙaddamar da gangamin allurar haɗin ƙyanda da rubela, aka fara da jihohin Arewa, ga yara daga wata 9 zuwa shekara 14, fiye da yara miliyan 100 ake nufi a faɗin ƙasa. Ghana ta riga mu, tun 2013 ta shigar da ita. Ki yi lissafi da kanki: duk wadda ta wuce shekara 14 a lokacin gangamin ba ta ciki. Wato matan da suke aure suna haihuwa yau, akasarinsu ba a taɓa yi musu ba, sai wadda aka yi wa a asibitin kuɗi ko a ƙasar waje.

In ba kati, sai gwajin jini. Ki ce a yi miki gwajin rubela IgG. In ya nuna akwai, jikinki yana da sojojin da suka san cutar, kin huta. In ya nuna babu, ke ce wadda wannan rubutu ya fi shafa. Ba kowane ƙaramin ɗakin gwaji ke yin sa ba, an fi samunsa a asibitocin koyarwa da manyan ɗakunan gwaji masu zaman kansu, kuma da kuɗi ne. In gwajin ya yi miki nisa ko tsada, kada ki tsaya a kansa. Yi wa mai kariya allura ba ya cutar da ita, don haka likita yana iya yi miki kai tsaye, muddin ba ki da ciki.

Yanzu mutane sun saba da gwajin kafin aure, na jinsin jini saboda sikila, da na ƙanjamau da ciwon hanta, a Kano ma tun 2024 doka ta wajabta shi. Jinin da za a ɗiba a ranar, a ƙara wannan a kai. A ganina iyayen amarya ne ya kamata su ɗauki nauyin tunawa, don ita yarinya ba za ta iya buɗe baki ta yi maganar ciki tun ba a ɗaura aure ba.

Mataki na uku: allurar, da lokacin da ya dace

Allura ɗaya ce a damtse, ƙarƙashin fata, kuma fiye da mutum 95 cikin ɗari suna samun kariya mai tsawo daga guda ɗayan nan. Ba a cika samun ta rubela ita kaɗai ba, a haɗe take zuwa: MR ta ƙyanda da rubela, ko MMR da aka ƙara ta hangum.

Sharaɗin da ba a wasa da shi: ba a yi wa mai ciki, kuma bayan an yi a jira wata guda cur kafin a ɗauki ciki. Dalili shi ne ƙwayar da ke cikin allurar mai rai ce da aka karya lagonta, ba ta iya sa lafiyayyen mutum ciwo amma tana koya wa jiki yaƙi. Likitoci sun zaɓi yin taka-tsantsan da ɗan tayi. Saboda haka ga budurwa, lokacin da ya fi shi ne da an sa rana. Ana lissafin lefe da kayan ɗaki da gyaran jiki wata uku kafin biki, a sa wannan a ciki, a yi ta aƙalla wata guda kafin tarewa. Ga matar aure, ki je a kwanakin da kike al'ada ko da gama ta, lokacin da kika tabbata ba ciki, ki kuma yi shawara da maigida da ma'aikaciyar lafiya kan yadda za ku tsallake watan. Malam maigida, nan wurin naka ne. Wata ɗaya ne rak, ka ba da haɗin kai, ka kuma ba da kuɗin mota da na allura ba tare da an roƙe ka sau uku ba.

In kuma an yi miki allurar, bayan mako biyu kika gano ashe da ciki, ki kwantar da hankalinki. An bi mata masu yawa a ƙasashe daban-daban da irin haka ta faru da su, ba a samu jaririn da allurar ta naƙasa ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan ba dalilin taɓa ciki ba ne. Ki faɗa wa likita, ki ci gaba da awo.

Kafin a soka miki, ki gaya wa ma'aikaciya in kina da ɗaya daga cikin waɗannan: an taɓa yi miki irin allurar kika kumbura ko numfashi ya sarƙe, kina shan maganin daji ko wani magani mai danne garkuwar jiki, kina da ƙanjamau da ya yi nisa, ko an ƙara miki jini a 'yan watannin nan. In kina cikin zazzaɓi mai zafi a bari ki warke. Mura ba ta hanawa.

Inda za ki je ma abin dubawa ne. Allurar nan sanyi take so, tsakanin maki 2 zuwa 8, kuma da an haɗa garin da ruwansa awa shida ne wa'adinta. Kemis da firjinsa ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta ba wurin yin ta ba ne. Shirin gwamnati na kyauta na yara ne, babbar mace galibi sai ta nemi MMR a babban asibiti ko na kuɗi. Ki tambayi likitan mata ko mai kula da rigakafi a asibitin da kike zuwa su nuna miki inda ake da ita. A rubuta miki ranar da sunan allurar a kati, ki adana shi tare da takardunki masu muhimmanci.

Bayan allura wurin yakan yi ɗan tsami. Wajen mako guda zuwa kwana goma sha biyu wasu suna samun ɗan zazzaɓi ko 'yan ƙuraje, manyan mata kuma ciwon gaɓoɓi na 'yan kwanaki. Farasitamol ya isa. Wanda aka yi wa allura ba ya shafa wa mai ciki, don haka ba sai an raba su ba.

Mataki na huɗu: yaran gida su ne katanga

Mai ciki ba daga sama take samun rubela ba, daga yara take samu: nata, na kishiya, na maƙwabta, almajirin da ke mata aike, ɗaliban ajinta in malama ce. Shi ya sa ake yi wa maza da mata. Na sha jin ana cewa in dai don masu ciki ne me ya kawo ɗa namiji. Shi ne mai kawo ta daga makaranta ya ajiye wa uwarsa ko matar yayansa.

A jadawalin Nijeriya yanzu ana yin MR a wata 9, a maimaita a wata 15. Ta biyun nan ce iyaye suka fi mantawa, don a tunaninmu da an yi ta wata tara an sauke rigakafi. Kwalbar tana ɗaukar yara da yawa, shi ya sa asibitoci da dama suke ware mata rana a mako. Ki tambayi ranar tun kafin ki wahalar da kanki. In yaro ya wuce lokacinsa ba a yi ba, a kai shi haka nan, ba a cewa ya makara. 'Yan matan da aka yi wa a makaranta lokacin gangami kuwa, a adana musu katin da aka ba su, nan da 'yan shekaru za su buƙace shi.

Akwai wani abu game da wannan allura da nake ganin ya kamata kowane mai unguwa da limami su sani. Rubela ba ta son aikin rabi da rabi. In aka yi wa yara kaɗan aka bar da yawa, cutar ba ta mutu ba, tafiyarta ce ta ragu. Sai yarinyar da a da za ta kamu tana shekara biyar ta samu kariya, yanzu ta tsallake, ba cuta ba allura, har ta kamu tana da cikin fari. Wannan ya faru a ƙasar Girka: an yi shekaru ana yi wa ƙasa da rabin yara, a 1993 annoba ta ɓarke cikin manya, aka haifi jarirai da dama da naƙasa. Inda aka yi aikin sosai kuwa an ga amfaninsa, a 2015 aka tabbatar nahiyar Amurka gaba ɗaya ta rabu da cutar. Tunda mun fara, gidan da ya ɓoye 'ya'yansa ba kansa kaɗai ya cuta ba, 'yan matansa ya fi jefawa cikin haɗari.

Na san abin da ke zukatan mutane, kuma ba na raina shi. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, mutanen Kano ba su manta gwajin maganin sanƙarau na 1996 ba. Amma wannan allura ba sabuwa ba ce da ake gwadawa a kanmu. Fiye da shekara hamsin ana yin ta, ƙasashen duniya mafi rinjaye suna yi wa 'ya'yansu, har da Saudiyya da Masar da Indunisiya, kuma matan da aka yi wa suna yara sun girma sun haifi nasu. Ba ta hana haihuwa. Abin da ke jawo ɓari da haihuwar gawa ita ce cutar kanta.

Mataki na biyar: in kina da ciki kika haɗu da mai ƙuraje, ko ke kika yi su

Kada ki jira ranar awo. Cikin kwana ɗaya ko biyu ki nemi likita, ki tafi da bayani uku: ranar da kika fara al'adarki ta ƙarshe, ranar da kika zauna da mai ciwon, da ranar da ƙurajensa suka fito. Da waɗannan ranaku ake lissafin komai, don haka ki rubuta su. Zama a ɗaki ɗaya na kwata awa ko magana fuska da fuska ya isa a kira shi haɗuwa.

In ke ce da ƙuraje ko zazzaɓi, kada ki kutsa cikin layin masu awo ki zauna a benci ɗaya da mata arba'in masu ciki. Ki rufe hanci da baki, ki tsaya daga waje, ki aika a faɗa wa nas. Wannan haƙƙin 'yan'uwanki ne.

Za a ɗibi jini a duba abu biyu. IgG yana nuna tsohuwar kariya, IgM yana nuna kamuwa ta kusa. In an ɗiba da wuri aka ga IgG ba IgM, kina da kariya tun da, ɗanki yana cikin aminci da yardar Allah. In duka babu, ba ki da kariya, za a sake ɗiba bayan mako uku zuwa huɗu a ga ko wani abu ya sauya. In an ga IgM, kada ki yanke hukunci a kan takarda ɗaya. Gwajin nan yakan yi kuskure ya nuna akwai alhali babu, sai an maimaita an tabbatar. Zazzaɓin mai ciki kuma dole a duba maleriya, ƙurajen ma suna iya zama na wata cuta ko na maganin da jiki ya ƙi.

Gaskiya mai ɗaci ita ce in an tabbatar rubela ce, babu maganin da ke kashe ta ko ya tare ta daga ratsa mabiyiya. Kafso da allurar kashe ƙwayoyin cuta ba sa mata komai, jiƙo da tsimi ma haka, wasunsu sai dai su ƙara wa cikin matsala. Farasitamol don zazzaɓi, ruwa, hutu. Ki nemi a tura ki wurin ƙwararren likitan mata, ki tafi tare da mijinki, a yi muku bayanin haɗarin gwargwadon makonnin cikin. Mai cikin wata shida da ta kamu ba ɗaya take da mai wata biyu ba, kada tsoro ya cinye ta a banza. Hoton ciki na wajen mako na 20 yana iya nuna zuciya da girman kai da yadda jariri ke girma, amma ba ya nuna ji. Ki shirya haihuwa a asibitin da ke da likitan jarirai, ki kuma nisanci sauran masu ciki har mako guda bayan fitowar ƙurajen.

Yaron da ya kawo ciwon shi ma a kai shi asibiti, a kuma riƙe shi a gida mako guda, ba boko ba Islamiyya. Zazzaɓi da ƙuraje abu ne da ma'aikatan lafiya ke kai rahotonsa ga jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, a ɗibi jini a duba ƙyanda da rubela. Kada a ba yaro asfirin.

In kuma gwaji ya nuna ba ki da kariya kuma ba ki kamu ba, sai ki lallaɓa har mako na 20 ya wuce. A tabbatar an yi wa duk yaran gida allura, ki rage shiga taron yara, malama ko nas ta nemi a ɗan sauya mata wurin aiki in ana fama da ƙuraje a wurin.

Mataki na shida: jego

Wadda ta gama cikinta ba kariya, kada ta bar asibiti ba ta yi maganar allura ba. Kwanakin jego su ne dama mafi kyau da mace ke samu: an tabbata ba ciki, kuma watan jiran nan yana faɗawa cikin arba'in. Shayarwa ba ta hanawa, ba kuma sai an tsayar da nono ba. In an ƙara miki jini wurin haihuwa ki faɗa, likita zai sa miki lokacin da ya dace. Mata da yawa suna cewa sai sun dawo daga wankan gida, daga nan hidimar goyo ta sha kansu, sai ga wani cikin.

Sai jaririn da ake zargin cutar ta taɓa. Ki duba ƙwayar idonsa a cikin haske, in kin ga fari a tsakiyar baƙin kamar ɗigon madara, yana ce. Wannan ba ta jira. Idon jariri da ƙwaƙwalwarsa tare suke koyon gani a makonnin farko, shi ya sa likitoci suke son cire yanar da wuri, cikin wata biyun farko in da hali. In aka bari sai ya yi wayo, ko an yi aikin gani ba ya dawowa yadda ake so. Kada a ɗiga masa nono ko tozali ko wani ruwan magani. Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano da asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika wurare ne da za a nufa.

Zuciya kuma alamarta a wurin shan nono take fitowa: yana kamawa yana saki, yana haki, gumi yana tsattsafo masa a goshi, ba ya ƙiba. Matsalar da aka fi gani ita ce wata jijiya da ya kamata ta rufe bayan haihuwa ta ƙi rufewa, kuma ana iya gyara ta. Wasu jariran ana haifarsu ƙanana, da shawara, da kumburin hanta da saifa, da ɗige-ɗige masu duhu a fata, ko da ƙaramin kai.

Kurumta ce ta fi kowacce yawa, ita ce kuma ta fi ɓuya, don wani yaron ita kaɗai ce da shi. Ki lura: in an buga ƙofa ko kwano ya faɗi yana firgita? A wata huɗu zuwa shida yana juyowa in an kira shi ta baya? Yana gwalan-gwalan? In kina shakka ki nemi gwajin ji, ana yi wa jariri ko yana barci, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna da sassan kunne na manyan asibitoci. Kada a tsaya a kan "nauyin baki ne, babansa ma haka ya yi". Yaron da aka gano da wuri, aka sa masa na'urar ji ko aka fara masa maganar hannu tun yana ƙarami, yana karatu ya yi sana'a ya riƙe gida, makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano sun daɗe suna wannan aiki. A ci gaba da kai shi asibiti ko ya girma, don ciwon suga da matsalar maƙoƙo suna iya biyo baya bayan shekaru. Kuma kada kowa ya ɗora wa uwar laifi. Ba sakacinta ba ne, ba wani abu ta ci ba, ba wanda ya yi mata baki. Ita yanzu ta samu kariya, wannan cutar ba abin fargaba ba ce a cikin da za ta yi nan gaba.

Abu na ƙarshe da ya wajaba dangi su sani: jaririn da aka haifa da rubela yana fitar da ƙwayar a majinarsa da yawunsa da fitsarinsa har shekara guda, wani ma fiye. Ranar barka da ranar suna kuwa jariri hannu-hannu yake zagawa, cikin masu karɓarsa akwai mai ƙaramin cikin da ba ta faɗa wa kowa ba. Kakar yaron ko gwaggonsa ta zauna kusa da mai jego ta riƙe shi ita, ta ce likita ya hana a yi ta ɗaukarsa, ba sai an yi dogon bayani ba. Mai canza masa ƙunzugu ta wanke hannu da sabulu kowane lokaci. Duk sanda za a kai shi asibiti a sanar da nas tun daga ƙofa don kada a zaunar da shi cikin masu awo, matan gidan da ba su da ciki kuma su je a yi musu allura a makon.